Baba da Digiri Goma Sha Bakwai

Shekara goma sha huɗu ina aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti. Na tayar da mutanen da mota ta niƙe, na koya wa masu shanyewar ɓarin jiki riƙe cokali, amma ban taɓa haɗuwa da majinyacin da ya kusa sa ni ajiye aiki ba sai mahaifina. Shi ɗin ma ba majinyacina ba ne, don ƙin yarda ya yi in taɓa shi.

Agogon bango ne ya jawo komai. Batirinsa ya mutu, Umma ta ce a jira ƙanena Auta ya zo ya canza, Baba ya ce shi ba zai zauna a gidan da agogo ke yi wa mutane ƙarya ba. Shekararsa saba'in da ɗaya. Ya jawo kujerar roba ya hau, ƙafar kujerar ta baje, ya faɗo da ɓarinsa na hagu a kan hannun kushin. Haƙarƙari biyu suka tsage. Sati bakwai ya yi a kwance yana ba da umarni daga kan gado, har hoton ƙirji ya nuna ƙashi ya haɗe. Sai dai jikin ya sandare. In zai ɗauki kofi a gefensa, sai ya juya gaba ɗayansa, a hankali, kamar ana juya firji a ɗan ƙaramin kicin.

Na ce, "Baba, ka zo wurinmu ranar Litinin in duba ka."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke?"

"Ni mana."

"Ke da na sha fama da ke a kan bakwai sau takwas har kina kuka da majina? A ba ni likita."

"Baba, ni ce mataimakiyar shugabar sashen."

"To madalla. Ki taimaka mata ta samo mini likita."

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi a makarantar sakandare, kuma har yau bai yarda cewa ya yi ritaya ba. Kowa ɗalibi ne a wurinsa, har mai kawo mana gas.

Na haɗa shi da Dogo, abokin aikina da muka fara aiki rana ɗaya. A nan na yi kuskuren farko, don na manta Dogo ya zauna a ajin Baba shekara uku. Mutum mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, yana hango Baba a bakin ƙofa ya miƙe tsaye ya mayar da hannaye baya. Na ja shi gefe na ce masa, "Don Allah abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka gaya masa lamba. Ka ce yana samun sauƙi, ka ba shi atisaye uku, ka sallame shi."

Ya ce, "Haba, kamar yau na fara aiki?"

Muna da wasu ma'aunai guda biyu masu kama da agogon hannu, kowanne da allura mai bin nauyi. Ana ɗora ɗaya a gindin wuya, ɗaya a inda haƙarƙari suka ƙare, sai mutum ya karkata gefe. A cire lambar ƙasa daga ta sama, abin da ya rage shi ne iyakar lanƙwasar gadon baya shi kaɗai, ban da ƙugu. Ina bayan labule ina murza gwiwar wata baiwar Allah, ina jin komai.

"Nawa ka samu?" in ji Baba.

"Ai da sauƙi sosai, Malam."

"Ban tambaye ka lafiyata ba. Na ji kana ɗebewa a ranka, leɓenka yana motsi kamar da. Nawa ka samu?"

Dogo ya yi gyaran murya. Na ji yana juya takarda.

"Hagu ashirin da shida, dama goma sha bakwai, ranka ya daɗe. Da yake ɓarin hagu ne ya ji ciwo, in ka karkata dama shi ne yake miƙewa, shi ya sa."

"Goma sha bakwai bisa nawa?"

"Ba bisa ba ne, Malam. Yawanci dai ana cewa digiri ashirin zuwa talatin. Wasu littattafan ma suna kai shi sama da haka."

"Wasu littattafan," in ji Baba. "Kusurwa ce ko farashin tumatir?"

Matar da nake murza wa gwiwa ta ce, "Likita, a hankali, kin matsa da yawa." Na ba ta haƙuri.

Da suka fito Baba na riƙe da takardar atisayen, bai ko dube ta ba. Ya ce mini, "Na ci hagu, na faɗi dama. Saura maki uku in kai ƙaramar lamba, goma sha uku in kai babba." Dogo yana bayansa yana kallon takalminsa. Da Baba ya tafi ya ce, "Wallahi da ya dube ni sai na ji kamar ban yi aikin gida ba."

Bayan kwana huɗu Umma ta kira ni. Ba gaisuwa, ba komai. "Zo ki ga abin da ubanki ya yi wa bangona."

Bara aka yi wa falon fenti, ruwan madara, Umma ce ta zaɓa da kanta bayan ta sa mai fenti ya gwada kala biyar. Yanzu na tarar an ture kabad gefe, an buga ƙusa a bangon daidai tsayin ƙugun Baba, an ɗaura zare, an zana rabin da'ira ƙatuwa da fensir. Layuka sun fita daga ƙusar kamar hasken rana a zanen yara, kowane digiri biyar da lambarsa, rubutu tsaf-tsaf irin na allo. Baba yana tsaye ya jingina bayansa, ya ɗaure doguwar rula a ƙeyarsa da ɗankwalin Umma, kan rular ya zarce saman kansa. Umma tana kan kujera da littafi a cinya da tabaran karatu, fuskarta kamar wadda aka kama da laifin da ba ta yi ba.

"Sau uku a rana," ta ce. "Safe, rana, yamma. Ina tsakiyar wanki sai a ce in zo in karanta."

"Kin zo a daidai," in ji Baba. "Tsaya ki gani."

Ya karkata dama. Dugadugin hagu ya ɗaga daga ƙasa, ƙugu ya fita waje, kafaɗa ta murɗe gaba, wuya ya kwanta har kunne ya kusa taɓa kafaɗa.

"Arba'in da ɗaya," in ji Umma ba tare da ta ɗaga kai sosai ba.

"Kin ji? Arba'in da ɗaya. Ko dai na warke cikin kwana huɗu, ko kuma agogon yaron nan ya lalace. Ni na fi zargin agogon."

Na ajiye jaka, na ja numfashi. Na yi masa bayani irin wanda nake yi wa ɗalibai. Na ce gadon baya ba a yi shi don ya lanƙwasa sosai ba, haƙarƙari sun ɗaure shi ta ko'ina kamar keji, aikinsa ya tsare huhu da zuciya. Yawan karkatar da mutum yake yi daga ƙugu take fitowa da ƙasan baya da wuya. Na ce abin da bangonsa ke aunawa duk jikinsa ne, har da dugaduginsa. Na ce kuma lambar ba jarrabawa ba ce, mutum biyu masu lafiya ƙalau sai su bambanta da digiri goma, mutum ɗaya ma safiyarsa da yammacinsa ba ɗaya ba ne.

Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Sai ya ce, "Ke nan matsalar ƙugu ce. Zo ki riƙe ƙugun."

"Baba, ba wannan nake faɗa ba."

"Riƙe."

Na riƙe. Umma ta ce talatin da uku. Baba ya ce a rubuta, a sa alamar tauraro, a rubuta a ƙasa: an riƙe ƙugu.

"Atisayen da Dogo ya ba ka fa, kana yi?"

"Wannan na ɗaga hannu ana numfashi? Wannan ai na masu jego ne."

Daga ranar wayata ba ta huta ba. Ina tsakiyar aiki sai kira. Me ya sa lambar safe ta fi ta yamma ƙanƙanta? Ana aunawa da takalmi ko babu? In mutum ya ci abinci ya ƙoshi, yana rage digiri nawa? Na daina ɗauka, sai ya koma kiran Dogo, shi kuwa ko yana banɗaki sai ya ɗauka.

Sati na biyu shugabar sashenmu ta kira ni ofis. Ta miƙo mini takarda biyu, rubutun hannu, na gane shi tun daga nesa. Wasiƙa ce zuwa gare ta, da adireshi da kwanan wata da layi a ƙarƙashin take. Tambayoyi uku, kowacce da lambarta. Ta ɗaya, me ya sa asibiti zai yi aiki da ma'aunin da masu shi ba su daidaita a kansa ba. Ta biyu, su wane ne aka auna aka samo wannan ashirin zuwa talatin, kuma mutum nawa ne a cikinsu suka haura saba'in. Ta uku, yaushe rabon da a gwada ingancin agogon da aka ɗora masa.

"Mahaifinki ne?" ta tambaya, tana danne dariya har kafaɗunta na rawa.

"Shi ne."

"To ki amsa masa. Ni dai ta biyun nan ta fi ƙarfina."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ta biyun tambaya ce mai kyau. Na kwashe lokacin cin abincina ina bincike, na tarar yawancin waɗanda aka auna a abin da na iya samu matasa ne. Ban gaya masa ba. Da na gaya masa, da har ma'aikatar lafiya sai ta ga wasiƙa.

Ranar Asabar da safe, ina shirin kai yara wurin aski, Umma ta sake kira. Wannan karon muryarta ba ta faɗa ba ce.

"Ki zo. Yana ƙasa, ya ce kada in taɓa shi."

Ban san yadda na isa ba. Na tarar da shi a kwance a kan kafet a gindin bangon nan, rular tana nan ɗaure a ƙeyarsa, yana numfashi guntu-guntu. Kusa da shi jarka ce mai lita ashirin, cike da ruwa, ta kife tana tsiyaya a hankali.

"Mene ne wannan?"

Umma ce ta amsa. "Kwana uku ke nan. Ya riƙe ta a hannun dama wai nauyin ya ja shi ƙasa. Da ƙaramar ya fara. Na ce zan gaya miki, ya ce in na gaya miki ba zai ƙara cin abincina ba."

Ban tambayi izini ba. Na kwance ɗankwalin, na jefar da rular, na ɗaga rigarsa na bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya da yatsu. Na sa ya ja numfashi, na sa ya yi tari, na saurari ƙirjin. Ƙashi lafiya. Naman da ke tsakanin haƙarƙarin ne ya ja. Sai da na tabbatar da haka, sannan bakina ya buɗe.

Na faɗi abin da ban taɓa faɗa masa ba. Na ce saura kaɗan ya sake tsaga ƙashin, ya huda huhu, mu kwana a ɗakin gaggawa saboda digiri uku. Na ce ya mayar da Umma sakatariya, ya mayar da Dogo ɗan aji ɗaya, ya sa ana nuna ni da baki a wurin aikina. Na ce mutanen da ba sa iya ɗaga hannu su kai baki suna jirana a layi, ni kuma ina amsa tambayar ko ana awo da takalmi. Na ce, "Wai me kake nema ne, Baba? Wa zai ba ka takardar shaida? In ka kai talatin, sai me?"

Umma ta ce, "Ke, ya isa."

Baba yana kallon silin. Sai ya ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya saboda ciwon, "Ba talatin nake nema ba. Ashirin."

"To ashirin ɗin, sai me?"

"Sai a ba ni makullina."

"Wane makulli?"

"Na motata. Ranar da aka sallamo ni ƙanenki ya zare shi daga ƙusa ya sa a aljihu. Ya ce sai likita ya ce na dawo daidai. Na je na tambayi likita mene ne daidai, ya ce daga ashirin."

Na zauna a kan kafet ɗin, ruwan jarkar ya jiƙa mini zane ban damu ba. Ni ce na ce wa Auta ya ɗauke makullin. A barandar asibiti na faɗa masa, ina sauri, ina neman takardar magani: ɗauke makullin nan kafin ya ce zai tuƙa kansa gida. Sati biyu nake nufi, ko uku. Na manta da maganar ɗungurungum. Shi kuma Auta, da yake ya samu abin da zai nuna iko da shi sau ɗaya a rayuwarsa, ya riƙe gam.

"Sati goma sha ɗaya," in ji Baba. "Abokina da muka koyar tare yana kwance a can ƙarshen gari, ƙafa ta ƙi. Sau uku ina cewa yaron nan ya kai ni. Kullum ga ni nan zuwa. Uwarki in za ta asibitin ido sai ta tsaya a titi tana ɗaga wa tasi hannu, motata tana nan an lulluɓe ta da tamfol kamar gawa."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"In roƙi 'ya'yana makullin motar da na saya kafin su iya ɗaure takalmi?"

Na rasa wanda zan ji haushi. Na ji haushinsa, na ji na Auta, na ji na Dogo da bakinsa, na fi jin nawa. Na ɗaga shi muka mayar da shi gado, na sa masa ƙanƙara a tawul, na ce sati guda ba jarka, ba bango, ba rula. Na ce Asabar mai zuwa zan dawo da ma'aunan asibiti da kaina. Ya ce a zo da takardar da ke nuna an gwada ingancinsu. Na yi kamar ban ji ba.

Asabar ɗin na kira Auta na ce ya zo da makulli. Auta shekararsa talatin da shida, yana da shagon kayan lantarki, daga safe zuwa yamma yana kan kujera ɗaya, tumbinsa yana riga shi shiga ɗaki. Ya zo yana cika yana batsewa.

"Yaya, ke fa kika ce in ɗauke."

"Na ce ka ɗauke, ban ce ka gada ba."

"Ni dai ba zan ba shi ba sai likita ya ce ya dawo daidai. In wani abu ya faru a titi, ni za a zaga."

"To cire riga."

"Ni?"

"Kai. Tunda daidai kake nema, mu fara da kai."

Baba yana kan kushin da matashi a gefensa, idonsa ya kawo haske. Na ɗora wa Auta ma'aunan, na ce ya karkata ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Ya yi nishi kamar ana sauke buhu. Hagu ashirin da ɗaya. Dama goma sha tara.

"Maimaita," in ji Baba. "Ban ji ba."

"Goma sha tara."

"Umman yara, rubuta. Goma sha tara. Ya faɗi. Kuma da me ka zo nan, yaro?"

Auta ya ce, "Da mota."

"Da mota!"

Na auna Baba. Ciwon ya lafa, ya karkata a hankali, na riƙe ƙugun da gwiwata. Hagu ashirin da biyar, dama goma sha takwas. Ya ce tsakaninsa da mai riƙe masa makulli digiri ɗaya ne kacal, shi kuma da karaya biyu da shekara talatin da biyar a kai. Daga nan ya ce saura ni. Na ce ba ni ake magana ba. Ya ce mai jarrabawa ma sai an jarraba shi. Ya karɓi ma'aunan, kallo ɗaya ya yi musu ya gane yadda suke, ya ɗora mini daidai inda ya kamata, abin da ɗalibaina ke shafe wata guda suna kuskurewa. Hagu ashirin da huɗu. Dama ashirin cif.

"Da ƙyar," in ji shi. "Irin cin da ake yi wa ɗalibi alfarma."

Umma ta ce ita ba wanda zai ɗora mata agogo a wuya. Muka lallaɓa ta. Ta miƙe tana mita, ta gyara ɗaurin zane, ta karkata nan, ta karkata can, kamar reshe. Ashirin da tara, ashirin da tara.

"Shekara arba'in da biyar ina miƙa hannu bayan kabad ina ɗauko abin da kuka yar," ta ce. "Ku ba ni wuri."

Na ce to yanzu kowa ya ga lambar ba ita ke tuƙi ba. Abin da nake so in gani shi ne ko zai iya waiwayawa, ya taka birki da ƙarfi, ya juya sitiyari ba tare da ciwo ya tsayar da shi ba. Muka fita. Auta ya yaye tamfol, ƙura da busassun ganye suka zubo. Batirin ya yi sanyi, sai da aka jawo waya daga motar Auta. Baba ya zauna, ya gyara madubi duk da ba wanda ya taɓa shi. Na sa ya waiwaya hagu, ya waiwaya dama, ya karanta mini lambar motar maƙwabci ta gilashin baya. Na sa ya taka birki sau goma da dukkan ƙarfinsa. Na sa ya juya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe. Ya yi gaba ya yi baya a layinmu sau biyu, ina gefensa. Ya ɗan yamutsa fuska sau ɗaya, ban da haka ba abin da na gani.

Na fito na ce wa Auta, "Likita ta ce ya dawo daidai. Bar masa."

Auta ya ce, "A rubuce nake so." Na dube shi. Ya ce wasa yake yi.

Umma ta shiga gida ta fito da mayafi da jaka, ta ce tunda mota ta tashi a kai ta gidan ƙanwarta. Ta je ta tsaya a ƙofar gaba ta ɓangaren fasinja, ta tsaya kawai, ba ta taɓa hannun ƙofar ba. Sai a lokacin na tuna. Ni ma ɗazu Auta ne ya zura hannu ta taga ya buɗe mini. Ƙofar nan ba ta buɗuwa ta waje, tun ina makarantar koyon aiki. Kullum Baba ne ke karkatowa daga kujerarsa ya ja mariƙin ciki.

Ya karkata dama. Ya miƙa hannu. Yatsunsa suka tsaya a iska, tsakaninsu da mariƙin kamar faɗin tafin hannu. Ya ƙara yunƙurawa, na ga haƙoransa. Bai kai ba.

Auta ya fara matsowa, na riƙe masa hannu. Baba ya koma ya zauna daidai, ya dubi sitiyari na ɗan lokaci. Sai ya kwance bel, ya ja jikinsa kaɗan-kaɗan zuwa tsakiya, ya dafa kujerar da gwiwar hannu, ya ja mariƙin. Ƙofar ta buɗe da ƙara.

Umma ta shiga ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. "Shekara goma sha shida ina cewa a gyara ƙofar nan," ta ce.

"Ƙofar lafiyarta ƙalau," in ji Baba yana haki. "Ba ku iya ta ba ne."

Na leƙa ta taga na ce masa atisayen nan na masu jego, shi ne zai kai hannunsa ga mariƙin nan cikin wata guda, in ya ga dama ya yi. Sai ya tambayi Umma ko ta san inda takardar take. Ta ce tana ƙarƙashin tiren shayi, inda ya sa ta don kada tebur ya yi zobe.

Suka tafi a hankali, a giya ta biyu, mai keke yana wuce su. Bayan ya ajiye ta, ya zarce wurin abokinsa, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi.

Ranar Litinin Auta ya ɗauki motar da sassafe ba da sanin Baba ba, ya kai wa bakanike, aka canza mariƙin waje cikin awa ɗaya. Baba ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Ranar Laraba ina cikin taron sashe wayata ta yi ta ruri a aljihu, na fita da gudu. Umma ce.

"Kin ga abin da kuka jawo? Ƙofa tana buɗuwa, amma tun da bakaniken nan ya taɓa ta gilashi ya ƙi sauka. Jiya na kusa dahuwa a titi. Ubanki ya ce shi ba ruwansa, waɗanda suka ɓata su gyara."

"Umma, ina cikin taro. Ki kira Auta."

"Na kira shi, ya ce ga shi nan zuwa. Ke dai ki biyo in kin tashi."

Na ce to. Na tsaya a barandar na ɗan lokaci da wayar a hannu, sannan na koma ciki na tambayi inda aka kwana.